Furotin ɗin jini da ke iya jawo wabi

A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina, idan 'ya'yan mace suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya akan ce tana wabi, wasu ma su danganta abin da iskoki.

Dalilan hakan suna da yawa, ciki har da sikila da zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai wanda ba a cika ambata ba, wato wani furotin da ake kira Rh.

Shi dai wannan furotin yana zaune ne a cikin tantanin da ya lulluɓe jajayen ƙwayoyin jini, inda shi da danginsa suke taimaka wa ƙwayar ta riƙe siffarta. Karl Landsteiner da Alexander Wiener ne suka bayyana shi a shekarar 1940.

Shi ne alamar + ko - da ake gani a takardar gwajin jini. A Najeriya kimanin mutum 5 cikin 100 ne ba su da shi.

Rashinsa ba ciwo ba ne. Matsalar takan taso ne idan uwa ba ta da shi, amma ɗan da ke cikinta ya gaje shi daga uba, domin kuwa tun a watannin farko yake bayyana a jinin ɗan tayi.

Ɗan fari galibi yakan tsira. Sai dai a lokacin haihuwa ko ɓari, jininsa kan shiga na uwar, garkuwar jikinta kuma ta ɗauki furotin ɗin a matsayin abokin gaba.

A ciki na gaba sai garkuwar ta ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa ƙwayoyin jinin jaririn. Yana iya mutuwa a ciki, ko a haife shi da ƙarancin jini da shawara mai tsanani, wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa.

Tun 1968 ake da allurar rigakafi mai suna anti-D, wadda ake yi wa uwar cikin awa 72 da haihuwa. Idan garkuwar ta riga ta farka kuwa, allurar ba ta da amfani.

Kwana ukun nan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da mata da dama ke haihuwa a gida, kuma hare-haren 'yan bindiga suka daɗe suna sa tafiya asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara ta zama kasada. Shi ya sa likitoci ke son a san rukunin jinin mace tun zuwanta awon ciki na farko, domin a tanadi allurar kafin naƙuda.