Maganin Gazawar Zuciya ga Jarirai

Zuciyar jariri sabon haihuwa tana bugawa sau 120 zuwa 160 a minti guda. Idan ta kasa tura isasshen jini zuwa sassan jiki, likitoci kan ce ta gaza. Jinjiri ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, saboda haka uwa ce takan fara lura: yana haki, gumi na keto masa a goshi in yana shan nono, yakan saki nonon kafin ya ƙoshi, kuma ba ya ƙara nauyi. Idan likita ya taɓa cikinsa, sau da yawa yakan ji hanta ta kumbura.

A ƙasashen Turai, yawanci naƙasar da aka haifi yaro da ita ce sanadi, kamar huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya. Irin wannan naƙasa tana samun kimanin jarirai 8 cikin 1,000. Amma a asibitocin ƙasar Hausa, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai wasu sanadai biyu da suka yi fice: matsanancin ƙarancin jini, wanda zazzaɓin cizon sauro kan jawo, da ciwon huhu. A nan zuciyar lafiyarta ƙalau, aiki ne ya fi ƙarfinta. Babban magani shi ne ƙarin jini a hankali, ko iskar oksijin da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Maganin da akan fara ba wa jariri shi ne furosemide, wanda ke sa ƙoda ta fitar da ruwan da ya taru a huhu. Sai captopril, mai sassauta hanyoyin jini don zuciya ta sami sauƙin turawa. Na uku, digoxin, shi ne dattijo a cikinsu. Asalinsa wani fure ne da likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kan amfaninsa a 1785, aka kuma tace sinadarin a 1930. Yana ƙara wa bugun zuciya ƙarfi, sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne furosemide yana zubar da sinadarin potasiyam, ƙarancinsa kuwa yana ƙara wa digoxin dafi. Shi ya sa ake auna maganin daidai da nauyin jariri, kuma amai ko raguwar bugun zuciya alama ce ta a gaggauta komawa asibiti. Auna shi da cokalin shayi a gida ganganci ne.

Ba duk maganin da ya amfani manya ke amfanar yara ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 bai nuna cewa carvedilol ya taimaki yara kamar yadda ya taimaki manya ba.

Idan kuwa hudar da ke zuciya babba ce, magunguna riƙon ƙwarya kawai suke yi har jariri ya yi ƙwarin da za a yi masa tiyata. Iyaye masu hali sukan kai 'ya'yansu Indiya ko Dubai domin wannan aiki.