Tsiron da ke naɗe ganyensa in an taɓa shi

Mimosa pudica ɗan tsiro ne mai ƙaya, dangin wake da bagaruwa, kuma ɗan'uwan ƙaidajin da muke gani a bakin gulbi. Asalinsa daga yankuna masu zafi ne na nahiyar Amurka. Da zarar an taɓa shi, ganyayensa kan rufe cikin daƙiƙu kaɗan.

Wannan ba tsafi ba ne, aikin ruwa ne. A gindin kowane ganye akwai ɗan kumburi cike da ruwa, shi ke tallabe da ganyen. Taɓawa kan aika saƙo irin na lantarki zuwa can, sai sinadarin potasiyom ya fita daga gefe ɗaya na kumburin, ruwa ya bi shi. Gefen ya saki, ganye ya naɗe. Bayan mintoci ruwan kan koma, ganyen ya buɗe.

Mene ne amfanin haka? Kariya ce. A shekarar 2022, masu bincike a Jami'ar Saitama ta Japan sun nuna cewa fara ta fi cin ganyen da aka hana shi motsi. Sai dai kariyar tana da tsada, domin rufaffen ganye ba ya samun isasshen hasken rana da tsiro ke haɗa abincinsa da shi.