Halin da Zuciyar Mai Barin Ƙwaya ke Shiga

A 'Yankara, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, sau da yawa matashi kan fara haɗiyar tiramol ne don ya jure aikin gona, ko don ya danne fargabar 'yan bindiga. In an kai shi magani, iyaye kan zuba ido su ga jiki ya murmure. Abin da zuciyarsa ke ciki kuwa, ba kowa ke iya karantawa ba.

Makon farko na masifa ne. Ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, ga gudawa, barci ya ƙaurace. Yaron da ba ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya sai ya koma mai zagi da roƙo. Ba taurin kai ba ne. Jiki ne ke neman abin da ya saba da shi, kuma abin kan fi tsanani a kwana na biyu da na uku. Irin wannan fushin ne ake amsa wa da sarƙa a gidajen mari, kamar wanda 'yan sanda suka bankaɗo a Daura a Oktoban 2019.

Abin da ke biyo baya ya fi damuna. Ƙwaya ta daɗe tana tunzura sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, don haka in an janye ta, abinci ba ɗanɗano, hira ba armashi, na makonni ko watanni. A nan kunya ke sauka: kuɗin da ya sata, akuyar uwa da ya sayar. Wanda ya ga an kashe ɗan'uwansa, baƙin cikin da ya binne sai ya taso ɗanye. A gida sai a ce ya zama malalaci, alhali lokacin ne ya fi bukatar mai sauraronsa, da likitan ƙwaƙwalwa irin na asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Daga baya fara'a ta dawo, ya ce, "Ni fa na warke." A yi hamdala, amma kada a saki jiki. Jurewar da jikinsa ya saba yi wa ƙwaya ta ragu. In ya koma majalisar tsofaffin abokai ya haɗiye adadin da yake sha a da, yana iya faɗuwa da farfaɗiya, ko numfashi ya tsaya.