Yadda A Ke Ɗumama Gidan Mesa A Ƙasashen Sanyi

Manoma da yawa za su yi mamaki in sun ji cewa akwai mutanen da ke sa kuɗinsu su sayi maciji, su ajiye a ɗaki kamar yadda a ke ajiye kyanwa ko aku. To, haka abin ya ke a Amurka da Ingila da Jamus. Wadda a ka fi so kuwa ita ce 'yar ƙaramar mesan nan ta Afirka ta Yamma, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar curin fura. Ba ta da dafi, tsawonta ƙafa 3 zuwa 5 ne, ta kan yi shekara 20 zuwa 30 in ta sami kulawa. Daga Ghana da Togo da Binin a ka fi fitad da ita, kuma cinikin yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, watau ba a fita da ita sai da takardar izini.

Babbar wahalar mai kiwonta a can ita ce sanyi. Maciji ba kamar akuya ko kaza ba ne, jikinsa ba ya ɗumama kansa, sai abin da ya samu daga ƙasa da rana. A daji, wannan mesa cikin ramin gafiya ko tsohon suri ta ke wuni. In ta ji sanyi ta matso bakin rami, in zafi ya dame ta ta nutsa ciki. Amma ɗakin Bature da hunturu sau da yawa ba ya wuce digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas. In an bar ta haka, sai ta daina ci. In ma ta haɗiye ɓera, ba zai narke ba, sai ta amayar. Daga nan ciwon huhu ya shigo, ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar, har ta mutu, kuɗi sun tafi a banza.

Dabarar ita ce a ɗumama gefe guda kaɗai na akwatin. Gefen ɗumi ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 27, kowane gefe da maɓoyarsa. Ta haka dabbar ke zaɓar wa kanta inda ya dace, kamar tana raminta. Wanda ya ɗumama akwatin duka bai bar mata wurin gudu ba.

Abin ɗumamawa iri-iri ne. Akwai tabarmar lantarki da a ke sa wa ƙarƙashin akwati, amma ƙasa kawai ta ke ɗumamawa, ba ta isa ɗaki mai sanyi. Don haka a kan ƙara da ƙwan wuta na tangaran, wanda ke ba da zafi ba haske, don kada dare ya zame mata rana. Wajibi ne a kewaye shi da raga ta ƙarfe, gama mesa kan naɗe abu mai zafi ta ƙone ba ta janye ba. Wajibi ne kuma a haɗa shi da na'urar nan mai yanke wuta da kanta in zafi ya kai ƙa'ida, a sa ma'aunin zafi a kowane gefe, a duba safe da yamma. Akwatin katako ko na roba ya fi na gilashi riƙe ɗumi. A ajiye shi nesa da taga, kada a manta da kwanon ruwa, don zafi kan busad da iska, saɓa ta ƙi fita sosai.

Mai kiwon 'yan tsaki da hunturu yana da rabo cikin wannan. Shi ma ya sa fitila ko kaskon gawayi wuri guda, ya kare shi, ya bar musu fili da hanyar iska. In sun cunkushe jikin wuta, sanyi su ke ji. In sun watse nesa suna haki, zafi ya yi yawa. Dabba ta fi mai ita sanin ɗumin da ta ke bukata, sai dai a ba ta zaɓi.