Dokin Sukuwa: Daga Barga Zuwa Ƙetare

Bayan hawan Sallar Gani na bara, wani ɗalibi ya tare ni a bakin aji ya ce, "Malam, da irin gudun dawakin Daura, me ya hana a kai su Ingila su ciwo kofi?" Na yi masa alkawarin amsa, ga ta kuwa.

Da fari sai mu bambanta dokin hawa da dokin sukuwa. Na hawa ana sonsa da ƙiba da taƙama domin ya ɗauki kayan ado. Na sukuwa kuwa ƙiba abokiyar gabarsa ce. Ana so cikinsa ya ɗame, ƙirjinsa ya buɗe, numfashinsa ya yi tsawo.

Na taɓa yin kwana biyu a wata barga a bayan gari lokacin hutu. Tun assalatu yaran barga suke tashi. Abu na farko da babbansu yake dubawa shi ne kwanon abincin jiya, gama dokin da ya rage hatsi akwai abin da ke damunsa. Sa'an nan ya bi ƙafafu huɗu da tafin hannu yana neman zafi ko kumburi, ya ɗaga kofato ya kankare. Sai a ɗaura sirdi a fita kilisa kafin rana ta yi zafi. Ba kullum ake sakin linzami ba. Yawancin ranaku tafiya ce da sassarfa cikin rairayi, gudu mai ƙarfi kuwa sau ɗaya ko biyu a mako. In an dawo ba a ba shi ruwa nan take, sai an zaga da shi gumi ya bushe, a wanke shi, a goge. Abincinsa gero ne ko dawa, da dusa, da harawa, da ɗan ruwan kanwa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Dalili kuwa shi ne tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai. Hatsin da ya yi yawa yakan murɗe masa ciki, ya kashe shi a dare guda. Shi ya sa yaron barga yake kwana kusa da turke. A ganina wannan yaro ne ya fi kowa wahala, amma ranar nasara sunan mai doki da na joki kaɗai ake kira.

Fita waje da doki ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya shahara da son sukuwa, dawakinsa sun yi tsere har a Ikko. Masu dawaki kuma sukan ƙetara iyaka da su cikin babbar mota zuwa Maraɗi da Damagaram da Yamai. Daga Daura ta Kwangwalam, Nijar ba nisa.

Ƙetare teku ne ke da wuya, saboda abu biyu. Na ɗaya, asali. Babbar sukuwar Ingila da ake kira Dabi, wadda aka fara a 1780, ta 'yan shekara uku ce, kuma sai dokin da aka rubuta iyayensa da kakanninsa a littafin asalin dawakin tsere. Namu ba sa ciki, kome gudunsu.

Na biyu ya fi tsanani, watau ciwon dawakin Afirka. Wani ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake yaɗa shi, yana cizo da magariba da asuba, musamman da damina. Ba ya kama mutum, jakin dawa kuma yakan ɗauke shi ba tare da ya kwanta ba. Amma a ƙasar da dawaki ba su saba da shi ba, yana iya kashe tara cikin goma. A 1987 aka kai jakunan dawa daga Namibiya zuwa Sifen, ciwon ya ɓarke, aka yi shekaru ana fama da shi. Don haka Turai take tsaurara wa dawakin Afirka ƙwarai. Afirka ta Kudu ma, da duk kuɗinta da likitocinta, ta yi shekaru dawakinta suna zaman kwana 90 a keɓe a tsibirin Morishiyas kafin a bar su su wuce Turai.

Dokin da ya cika sharuɗɗa yana da fasfo nasa mai zanen alamun jikinsa da lissafin allurai. Ana gwada jininsa, a sa shi cikin wani akwati mai kama da ɗaki, a ɗora a jirgin sama. A tsaye yake yin tafiyar duka, mai kula da shi yana gefe da ciyawa da ruwa. In ya sauka, sai ya huta kwanaki ya mai da nauyin da ya zubar a hanya, kafin ya yi tseren da bai kai minti uku ba.