Bikin rufe fuska a Turai: Abin da masu zane suka tona

A ƙarni na 18, birnin Venice na ƙasar Italiya ya yi suna wajen bukukuwan da mutane ke rufe fuska su fito rawa da caca. A lokacin ana cewa da zarar an rufe fuska, bara da ubangidansa sun zama ɗaya. Sai dai zane-zanen da aka yi na waɗannan bukukuwa sun nuna cewa maganar ba haka take ba.

Gidan caca na Ridotto

A shekarar 1638 aka buɗe gidan caca na Ridotto da izinin hukuma. Masu zane biyu, Pietro Longhi da Francesco Guardi, sun zana yadda ake cika shi maƙil.

Akasarin mazan suna sanye da bauta, wani farin abin rufe fuska mai turarren haɓa, wanda ke ba mutum damar ci da sha da magana ba tare da an gane shi ba. Wasu matan kuwa moretta suke sakawa, baƙi ne, ba shi da ƙofar baki, kuma da wani maɓalli ake riƙe shi tsakanin haƙora. Da mace ta buɗe baki, sai ya faɗi.

Teburan caca kuma 'yan gidan sarauta kaɗai aka yarje wa su riƙe, fuskarsu a buɗe. A 1774 majalisar birnin ta rufe gidan, bayan caca ta talauta manyan gidaje da dama.

Daren rawa a Paris

A 1873, Édouard Manet ya zana bikin rufe fuska na gidan Opera da ke Paris, babban birnin Faransa. Maza masu hannu da shuni sun cika zauren da baƙaƙen kwat da dogayen huluna, yawancinsu ba su rufe fuska ba. Matan da suke zawarci ne suka rufe tasu, domin idan magana ta fita, mutuncin mace ne zai zube.

Alƙalan baje kolin zane na Salon sun ƙi karɓar zanen a 1874. Yanzu yana rataye a gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington a Amurka, inda mai kallo zai iya ƙirga waɗanda ba su da fargabar a gane su.