Man Da Direbobi Ke Mantawa Da Shi

Idan damina ta yi nisa, hanyoyin ƙauyuka da yawa sukan yanke. Taɓo ya cika hanya, rafi ya kawo ruwa, ƙananan motoci su daina shiga. A irin wannan lokaci motocin da ke ja da taya huɗu ne ke ceton jama'a, irin su Hilux da Land Cruiser da Land Rover. Su ne ke shigo da taki, su fitar da amfanin gona. Su ne kuma ke kai mara lafiya ko mai naƙuda asibiti cikin dare. Ran da irin wannan mota ta kwanta, gari duka ya shiga wahala.

Akwai wani mai a cikin waɗannan motoci da mutane da yawa ba su san da shi ba. Kowane direba ya san baƙin man inji. Wasu sun san man giyabos. Amma man akwatin raba ƙarfi yakan yi shekaru ba a ko duba shi ba. A wannan wata za mu yi bayanin wannan akwati, da abin da ke ɓata mansa, da yadda ake canza shi.

Mene ne akwatin raba ƙarfi?

Inji ne ke samar da ƙarfi. Ƙarfin ya bi ta giyabos. A mota ta yau da kullum, daga nan sai ya wuce zuwa taya biyu kawai. A mota mai ja da taya huɗu kuwa, akwai wani ƙaramin akwati da ke haɗe da giyabos. Aikinsa shi ne ya raba ƙarfin gida biyu, ya aika wani gaba, ya aika wani baya. Wasu kanikawa na kiransa tiransifa.

Gane shi ba wuya. Leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser, za ka ga farfela biyu, wato dogayen ƙarafan nan masu juyawa. Ɗaya ta nufi tayoyin gaba, ɗaya ta nufi na baya. Bi su da ido zuwa tsakiyar mota. Inda suka haɗu, nan ne akwatin. A ƙananan motoci irin su RAV4, akwatin ƙarami ne, yana manne a jikin giyabos can gaba kusa da inji, kuma farfela ɗaya ce ke fita daga cikinsa zuwa baya.

Motocin iri biyu ne. Akwai wadda sai direba ya ja ƙaramar giya ko ya murɗa maɓalli kafin tayoyin gaba su kama. A jikin giyar za ka ga an rubuta 2H da 4H da 4L, ko kuma H2 da H4 da L4. Hilux tana cikin wannan iri. Akwai kuma wadda kullum tayoyinta huɗu a haɗe suke da inji, kamar Land Rover Defender. Kowace iri ce taka, ƙarafan cikin akwatin suna juyawa muddin mota na tafiya. Ko da ba ka sa giyar taɓo ba duk rani, man yana aiki, yana tsufa.

A cikin akwatin akwai giyoyi masu haƙora, da boris, a wasu motocin har da sarƙa mai faɗi. Duk suna gogar juna da gudu. Mai ne ke hana su cin juna, shi ne kuma ke rage musu zafi. Man ba shi da yawa. A Hilux daga lita 1 ne zuwa ƙasa da lita 2, gwargwadon shekarar motar. A Defender ya ɗan haura lita 2. A RAV4 bai kai lita 1 ba. Tun da man kaɗan ne, ɗan yoyo ƙanƙani ya isa ya ƙarar da shi.

Abin da ke ɓata man

Na farko shi ne zafi da daɗewa. Jan kaya masu nauyi a cikin yashi ko taɓo yana dafa man, har ya rasa santsinsa.

Na biyu shi ne garin ƙarfe. Duk ƙarfen da ke gogar ɗan'uwansa yana zubar da ɗan gari. Garin yana taruwa a cikin man, ya koma kamar yashi a cikin tuwo.

Na uku, wanda ya fi damun motocin karkara, shi ne ruwa. A saman akwatin akwai wata 'yar ƙofa da iska ke shiga da fita. Mota ta yi tafiya, akwatin ya yi zafi, sai direba ya faɗa rafi. Ruwan sanyi ya taɓa ƙarfe mai zafi, iskar da ke ciki ta tsuke, akwatin ya zuƙo abin da ke waje. Idan ruwa ya kai wannan ƙofa, ko kuma robar da ke tare mai a bakin farfela ta tsufa, ruwan ne zai shiga. Mai da ruwa in sun gauraya sai su zama kamar shayi da madara. Irin wannan mai ba ya kare ƙarfe. Tsatsa ta kama boris, daga nan sai ƙara, daga ƙara sai kwanciyar mota.

Yaushe ake canzawa?

Littafin da ke zuwa da mota shi ne ke faɗin lokacin. Ga motar da ke aikin wahala a hanyar ƙasa, kamfanoni da yawa sun sa kimanin kilomita 40,000. Amma kada ka jira wannan ƙirga idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Ka ƙetare ruwa mai zurfi da ya kai cikin motar.

Ka sayi motar a hannun wani, ba ka san ran da aka canza man ba.

Kana jin gurnani ko kuka daga ƙarƙashin kujera, kuma yana ƙaruwa da gudu.

Ƙaramar giya tana wuyar shiga ko wuyar fita.

Kana ganin ɗigon mai a ƙasa, daidai tsakiyar mota, in ta kwana a wuri ɗaya.

Dabara mai kyau ita ce a duba man sau biyu a shekara: kafin ruwa ya sauka, da kuma bayan ɗaukewarsa. Rigakafi ya fi magani.

Wane mai za a zuba?

A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna. Akwatunan ba mai iri ɗaya suke sha ba. Tsofaffin motocin Toyota da Land Rover yawanci man giya mai kauri suke so. A jikin galan ɗinsa za ka ga lamba kamar 75W-90 ko 80W-90, da kuma GL-4 ko GL-5. Yana da wari mai ƙarfi irin na farar wuta. Wasu motocin kuma, kamar Jeep da yawa na Amurka, jan mai mara kauri suke so, wanda ake rubuta wa ATF. Wasu sababbin motoci suna da nasu mai na musamman da kamfanin ya tanada.

Don haka duba littafin motarka. Rubuta lambar a takarda, ka tafi da ita shago, ka karanta jikin galan da kanka kafin ka biya. In littafin ya ɓace, tambayi bakaniken da ya saba da irin motarka. Sayi mai a rufe da hatiminsa. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma araha ba ta ado. Kada ka zuba baƙin man inji, sabo ko tsoho, sai in littafin ne ya ce haka.

Kayan aiki

Kana bukatar sabon mai, da sifana daidai da notin. A tsofaffin Toyota da yawa lamba 24 ce. Nemi sababbin washa biyu, da kwano ko yankakkiyar jarka ta tarar tsohon mai, da tsumma. Kana kuma bukatar ƙaramin famfon hannu na ɗura mai. In babu, doguwar tiyo mai tsabta da mazurari za su yi.

Yadda ake aikin

1. Tuƙa motar kamar minti 10 don man ya yi ɗumi. Mai ɗumi ya fi saurin fita, kuma yana fitowa da datti.

2. Tsayar da ita a wuri mai daidai, ba gangara ba. Kashe inji, cire makulli, ja birkin hannu, sa waigi a tayoyi. Yawancin waɗannan motoci suna da tsayi, mutum zai iya shiga ƙarƙashi ba tare da jak ba. Kada ka taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ka kuma yi hankali da salansa, tana ƙuna.

3. Nemo noti biyu a jikin akwatin. Na sama na zuba mai ne, na ƙasa na zubarwa ne. Giyabos ma yana da nasa biyu a kusa. Tabbatar na akwatin ka kama. Akan samu wanda ya zubar da man giyabos bisa kuskure, ya tuƙa motar haka nan, giyabos ya ƙone. Goge ƙasa da taɓon da ke kewaye da notin kafin ka taɓa su.

4. Fara kwance na sama. Wannan ita ce babbar doka a aikin nan. Wani lokaci na sama yakan cije ya ƙi kwancewa. In ka riga ka zubar da man ta ƙasa, ka ga ke nan ba hanyar zuba sabo, mota kuma ba ta tafiya babu mai. In na sama ya ƙi, bar na ƙasa a rufe, ka tuƙa zuwa wurin bakanike.

5. Sa ɗan yatsa a ramin na sama. Ya kamata ka taɓo mai daidai bakin ramin. In ba ka taɓo komai ba, akwai yoyo, sai a nemo inda yake.

6. Ajiye kwano, kwance na ƙasa, bar man ya tsiyaye har ya daina ɗiga.

7. Duba tsohon man da kyau a haske. In ya yi duhu kawai, tsufa ne. In ya yi kamar madara, ruwa ya shiga. In yana ƙauri, ya sha zafi. Duba notin ƙasa ma. A motoci da yawa akwai mayen ƙarfe a bakinsa. Ɗan baƙin gari mai laushi ba abin damuwa ba ne, goge shi. Amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe da za ka iya ɗauka da yatsa, wani abu na karyewa a ciki. Sabon mai ba zai gyara wannan ba, sai bakanike ya buɗe.

8. Sa sabuwar washa, mayar da notin ƙasa. Fara murɗa shi da hannu, sannan ka ƙarasa da sifana. Ɗaure shi ya kama, amma kada ka sa dogon bututu ka danna da ƙarfi. Jikin akwatin yawanci alminiyam ne, ƙarfe mai taushi. In ramin ya lalace, ƙaramin aiki ya zama babba.

9. Ɗura sabon mai ta ramin sama a hankali. Ci gaba har ya fara dawowa ta bakin ramin. Wannan ita ce alamar ya cika. Shi ya sa muka ce motar ta tsaya a wuri mai daidai: in ta karkace, ko ya yi yawa ko ya gaza.

10. Sa ɗaya washar, ɗaure notin sama, goge jikin akwatin tas. Yi 'yar tafiya, ka dawo ka leƙa. Washegari ma ka sake leƙawa ko akwai ɗigo.

In tsohon man ya fito kamar madara, yi tafiyar kwana biyu ko uku da sabon, ka sake dubawa. In shi ma ya yi fari, sake canza shi. Duba man aksul na gaba da na baya a ranar, domin ruwan da ya shiga akwatin yakan shiga can ma.

Tsohon man fa?

Zuba shi a jarka mai murfi, ka kai wa kanikawa. Kada a zubar kusa da rijiya ko rafi ko gona. Kada a shafa wa dabba ko mutum da sunan maganin ƙazuwa, guba ne. Kada kuma a ajiye shi a kwalbar lemo inda yara za su gani.

Abu biyu da za su ƙara wa akwatin kwana

Idan motarka irin mai ƙaramar giya ce kamar Hilux, cire 4H ko 4L da zarar ka hau kwalta busasshiya. A kan kwalta tayoyin gaba da na baya ba sa samun zamewa a kwana, sai ƙarafan su riƙa murɗe juna. Sannan ka sa tayoyi huɗu masu lamba ɗaya, da iska daidai. Taya babba a gaba da ƙarama a baya tana wahalar da akwatin, musamman a motar da kullum take ja da huɗu.

A ƙarshe, samu ɗan littafi ka ajiye a mota. Rubuta ranar da ka canza man, da lambar da agogon kilomita ya nuna, da irin man da ka zuba. In motar ta ƙungiya ce ko ta gari, shugabanni su riƙa neman ganin wannan littafi a hannun direba. Lita biyu na mai da aikin awa ɗaya kuɗinsu kaɗan ne in an gwada da sayen wani akwati, balle kwanan mota a daji da mara lafiya a ciki.